Tsadar taba sigari na hana shanta? Amsa ga wani mai tireda

"Assalamu alaikum Malam. Ina da tireda a bakin tasha, shekara da shekaru ina sayar da kayan masarufi har da taba sigari. Na ji a rediyo ana kiran a ƙara wa taba haraji wai don mutane su daina sha. To ni dai a gabana kuɗin kwali ya ninka, ya sake ninkawa, amma masu saye ba su fasa zuwa ba. Wanda ba shi da na kwali sai ya ce a ba shi kara biyu. Shin da gaske tsada na hana shan taba, ko dai dabara ce ta tatsar talaka? Kuma ba 'yan fasa-ƙwauri za a buɗe wa kasuwa ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka haɗa wuri ɗaya: ko tsada na rage shan taba, ko talaka ne ke ɗaukar nauyin harajin, sai kuma batun fasa-ƙwauri. Zan fi daɗewa a kan na farko, domin abin da ka ce kana gani a tiredarka gaskiya ne, ba zan musa maka ba. Hukuncin da ka yanke daga gare shi ne nake da ja a kai. Ni aikina a fannin lafiyar al'umma yake, ɓangaren da ke bin diddigin farashin taba da dokokinta, kuma wani yanki na aikin shi ne tsayawa gaban tebur irin naka ina tambayar nawa kara, nawa kwali, daga wane dila aka saro.

Tsada na rage shan taba. Cikin duk matakan da ƙasashe suka gwada, daga hana talla zuwa hoton gargaɗi a jikin kwali da hana sha a bainar jama'a, babu wanda hujjarsa ta kai ta farashi ƙarfi. Sai dai akwai sharaɗi. Dole taba ta yi tsada fiye da yadda sauran kaya suka yi, fiye kuma da yadda samun mai sha ya ƙaru, sannan tsadar ta taɓa kara mafi araha a kasuwa, ba na 'yan gayu kawai ba. Harajin Najeriya bai kai ga yin wannan aikin ba tukuna.

Me ya sa ba ka ganin ragin a kan teburinka

Nikotin da ke cikin taba na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu bayan an zuƙa, kuma jiki na sabawa da shi har ya riƙa nemansa da kansa. Saboda haka babu wanda ya san harkar da zai ce maka ana ƙara kuɗi yau gobe jama'a za su watse. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi, wanda aka tattaro daga bincike masu yawa a ƙasashe daban-daban, shi ne idan farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, tabar da ake sha na raguwa da kusan kashi 4 a ƙasashe masu arziki, da kusan kashi 5 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wani rahoton Bankin Duniya na 1999 ya kai na ƙasashe irin namu har kashi 8. Kusan rabin wannan ragin daga waɗanda suka daina ne ko ba su fara ba, sauran rabin daga waɗanda suka rage yawan abin da suke sha a rana.

Mu ɗora lissafin a kan teburinka. A ƙaddara kana sayar da kara 100 a rana, kowanne naira 50, ka tashi da naira 5,000. Aka ƙara kashi 10, kara ya koma naira 55, ciniki ya sauka zuwa kara 95. Da dare ka zazzage gwangwani ka ƙirga, ka tarar da naira 5,225. Kuɗi sun ƙaru a hannunka alhali tabar da aka sha ta ragu. Kara biyar ɗin da suka ɓace ba za ka taɓa jin rashinsu ba. Amma ka ninka su da yawan teburan da ke ƙasar nan, ka ninka da kwanakin shekara, sai ka ga abin ba ƙarami ba ne. Wannan lissafin ne kuma ya sa gwamnati ke iya ƙara haraji, shan taba ya ragu, kuɗin shigarta kuma su ƙaru a lokaci guda. Mutane kan ga kamar maganganun biyu sun ci karo, amma ba su ci ba.

Sannan kai masu zuwa kaɗai kake gani. Direban da ya shekara talatin yana busawa zai zo maka ko kara ya kai nawa, ya yi ƙorafi, ya zagi gwamnati, ya biya. Wanda ba ka gani shi ne yaro ɗan shekara goma sha biyar da abokansa suka ɗanɗana masa sau ɗaya, ya duba kuɗin tarar da aka ba shi ya ga in ya sayi kara ba zai ci awara ba, ya haƙura. Wannan yaron bai taɓa zama kwastomanka ba, don haka ba ka rasa shi ba a lissafinka. A lissafin likitoci kuwa shi ne babbar riba, domin mafi yawan masu shan taba kafin su kai shekara ashirin suke farawa, kuma wanda ya wuce wannan shekarun bai fara ba da wuya ya fara. Matasa da marasa ƙarfi sun fi kowa jin zafin farashi. Ka haɗa da cewa garinku ƙaruwa yake yi, tashar ma ta fi da cika. In jama'a sun ƙaru amma cinikin taba ya tsaya inda yake, to a gaskiya ya ragu.

Akwai ma shaida a cikin maganarka da ba ka lura da ita ba. Ka ce wanda ba shi da na kwali sai ya ce a ba shi kara biyu. To ai mutumin da da yake ɗaukar kwali ya zuba a aljihu, ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi, yanzu kuma yake sayen biyu ya lallaɓa su, wani lokaci ya kashe ɗaya a rabi ya soke a bayan kunne sai anjima, wannan ya rage. Bai daina ba, amma tsada ta taɓa shi.

Abu na ƙarshe a nan shi ne ninkawar da ka gani. Me bai ninka ba tun 2023? An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun shekarar, a watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa kusan 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Gwajin da nake ba masu tireda ke nan: ka tuna kuɗin kwali ɗaya a 2022, biredi nawa yake saya a lokacin, ko taliya leda nawa? Yau kuma fa? In amsar kusan ɗaya ce, to taba ba ta yi tsada ba, naira ce ta karye. Kuma ƙarin da ka biya wa dila galibinsa kuɗin dala ne da na dakon mota da ribar kamfani, ba haraji ba. Ragin da talauci ya jawo kuwa ba abin dogaro ba ne, ranar da aljihu ya farfaɗo shan ma zai farfaɗo.

Nawa ne harajin ma tukuna

Harajin taba iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar maganar. Akwai na kaso, wato a ce kashi kaza cikin 100 na darajar kaya. Akwai kuma ƙayyadadde, wato naira kaza a kan kowane kara, ko mai tsada ne ko mai araha.

Har zuwa 2018 Najeriya na kaso kaɗai take karɓa, kashi 20 cikin 100. Kuma ba a kan kuɗin da kake sayarwa ake lissafa shi ba, a kan kuɗin da aka ce an kashe wajen yin tabar a masana'anta ake lissafawa, wanda ƙaramin yanki ne na abin da mai sha ke biya. Daga watan Yunin 2018 aka ɗora ƙayyadadde a kai: naira 1 a kan kara, 2019 ya koma naira 2, 2020 naira 2.90. A 2022 aka fito da sabon jadawali, na kaso ya koma kashi 30, ƙayyadadde kuma naira 4.20 a kan kara a 2022, naira 4.70 a 2023, naira 5.20 a 2024. A kwali mai kara 20, naira 84 ke nan, sai 94, sai 104. Gab da saukarta a 2023 gwamnatin Buhari ta amince da wani ƙarin da ya fi wannan, amma a watan Yulin shekarar Shugaba Tinubu ya dakatar da shi.

Yanzu ka auna. A watan Disamban 2017 ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta amince cewa ƙasashenta su karɓi aƙalla kashi 50 cikin 100 na kaso, da kuma ƙayyadadden da bai gaza santi 2 na dalar Amurka ba a kan kowane kara, wato santi 40 a kwali. Naira 84 ɗinmu ta 2022, a canjin gwamnati na lokacin, wajen santi 20 ce, rabin abin da aka amince. Naira 104 ta 2024 kuwa, da dala ta kai 1,500, kusan santi 7 ce. A takarda an ƙara haraji shekara uku a jere, a zahiri ya zube zuwa kusan sulusin ƙarfinsa. Ƙayyadadden harajin da ba a ɗaure shi da hauhawar farashi ba ƙanƙara ce a rana. Ghana, wadda ita ma kuɗinta ya sha wahala, a 2023 ta koma tsarin haɗaka na kashi 50 da ƙayyadadde a kan kara, kusa da abin da ECOWAS ta nema.

A ƙaddara kamfani ya ce kwali ya tsaya masa naira 300 a masana'anta, kai kuma kana sayar da shi naira 1,000. Kashi 30 na 300 naira 90 ne, a haɗa da 104 ta 2024 ya zama 194, ƙasa da kashi 20 cikin 100 na abin da mai sha ya biya, kafin a zo ga harajin VAT na kashi 7.5 da ke kan sauran kaya ma. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne jimillar haraji ta kai kashi 75 cikin 100 na farashin sayarwa. Ka ga tazarar. Shi ya sa in aka ce mini an gwada haraji a Najeriya bai yi aiki ba, nakan ce ba a gwada ba tukuna.

Ni a ganina ƙayyadadde ya fi dacewa da mu nesa ba kusa ba. Jami'in kwastam ba ya buƙatar yin gardama da akawun kamfani kan nawa aka kashe, ƙirga kara kawai zai yi. Kuma ya fi danne taba mai araha. Na kaso yana faɗaɗa tazara tsakanin mai tsada da mai araha, sai mai sha ya gangaro daga wadda ya saba zuwa ta ƙasa da ita maimakon ya rage. Kamfanoni sun san wannan sarai. An gani a Birtaniya da wasu wurare cewa in an ƙara haraji sukan haɗiye shi a kan tabarsu mai araha don kada sababbin shiga da talakawa su gudu, su fanshe a kan mai tsada, wadda masu shanta ba sa duba canji.

Kara-kara

Nan ne maganar ta shafe ka kai tsaye, ka yi haƙuri. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu gab da barin mulki, ta haramta sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali mai 20 a rufe. Ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Na san za ka ce ba ka taɓa ganin an kama kowa ba, kuma a yawon da nake yi ban cika cin karo da teburin da ba a fasa kwali ba.

Sayar da kara na warware aikin haraji ta hanyoyi da dama. Kuɗin kwali katanga ne ga yaro, kuɗin kara kuwa canjin aike ne. Wanda ya sayi kara ba ya ganin hoton gargaɗin da tun 2021 ya mamaye aƙalla rabin jikin kwali, domin kwalin na can cikin gilashinka. Wanda ya yi niyyar dainawa kuma kullum yana da hanyar cewa ɗaya kawai zan sha. Akwai kuma wani abin da sai mai zama a tireda zai gane shi: matsalar canji. Naira 1 ko 50 kobo da gwamnati ta ɗora a kan kara ba ta da inda za ta bayyana, tunda ba wanda ke da canjinta. Sai farashin kara ya tsaya cak wata da watanni, dila da mai tireda su raba ƙarin a tsakaninsu, sannan wata rana ya yi tsalle gaba ɗaya, ko a koma uku ɗari. Ƙaramin ƙari irin wannan mai sha ba ya ma sanin an yi shi. Sai ƙarin ya yi girman da zai motsa farashin kara sannan zai motsa ɗabi'a.

Inda aka gwada da gaske

Afirka ta Kudu ce misalin da na fi so, domin ta nuna nasarar ta kuma nuna yadda ake lalata ta. A 1994 sabuwar gwamnatin Mandela ta sanar cewa za ta kai haraji rabin farashin sayarwa, ta kuma yi ta ƙarawa kowace shekara fiye da hauhawar farashi. Cikin kimanin shekara goma tabar da ake sha a ƙasar ta ragu da kusan sulusi, masu sha cikin manya suka sauka daga kusan mutum ɗaya cikin uku zuwa kusan ɗaya cikin huɗu, kuɗin da gwamnati ke samu daga taba kuma suka ninka har da ɗori, bayan an cire hauhawar farashi. Masanan Jami'ar Cape Town sun bi wannan lissafin shekara da shekaru, kuma sun nuna ragin ya fi yawa a tsakanin matasa da marasa ƙarfi.

Filifins kuma a ƙarshen 2012 ta yi dokar da ta ɗaga harajin taba mafi araha daga peso (kuɗin ƙasar) 2.72 a kwali zuwa peso 12 a tashi ɗaya, ta ci gaba har ya zama peso 30 ga kowace irin sigari a 2017. Masu amfani da taba cikin manya suka sauka daga kashi 29.7 cikin 100 a 2009 zuwa 23.8 a 2015, zuwa 19.5 a 2021. Faransa ma da ta ƙara farashi da kusan kashi 40 tsakanin 2003 da 2004, cinikin sigari ya faɗi warwas.

Talaka fa?

Ba zan yi maka daɗin baki ba. Ɗan dakon da ya kasa dainawa, aka ƙara kuɗin kara, cutuwa ya yi, kuma cutuwarsa ta fi ta mai mota, domin kason da taba ke ci a samunsa ya fi girma. Wani lokaci ma ba shi ke jin jiki ba, kuɗin cefane ne ke raguwa. Duk wanda ya ce maka babu wannan bai zauna da mutane ba.

Amma a duba ɗaya gefen. Mai shan kara biyar a rana a kan naira 50 yana ƙona naira 250 kullum, naira 91,250 a shekara, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata guda, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Taba na kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta, ta hanyar ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, sankara da cututtukan huhu, kuma a Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun marar lafiya da danginsa suke fita. Tunda marasa ƙarfi ne suka fi dainawa in an ƙara kuɗi, su ne kuma suka fi tsira da wannan kuɗin da wannan lafiyar. Harajin na cutar da talakan da ya ci gaba, yana amfanar wanda ya bari da wanda bai fara ba, kuma masu kuɗi ne ke biyan mafi yawan ƙarin tunda su ba sa fasawa.

Abin da ke raba haraji da tatsa shi ne inda kuɗin suka tafi. Filifins ta zuba mafi yawan ƙarin a harkar lafiya, ta biya wa miliyoyin talakawa da tsofaffi inshorar lafiya da shi. A nan kuwa dokar 2015 ta kafa asusun yaƙi da shan taba, amma abin da ake ware masa a kasafi bai taka kara ya karya ba. In ka yi zargi a wannan gaɓar, ina tare da kai.

Fasa-ƙwauri

Wannan ita ce hujjar da kamfanonin taba suka fi ɗagawa duk inda aka zo maganar haraji, kuma ba ƙarya ce zalla ba. A Ostareliya, inda kwali ya haura dalar ƙasar 40, kasuwar bayan fage ta yi ƙarfin da tun 2023 gungun masu laifi ke ƙona shagunan taba a Melbourne kan rikicin kasuwa. Amma tsakaninmu da can akwai tafiya.

Tarihin yankinmu ma ya nuna ba tsadar haraji ce ke haifar da abin ba. Tun shekarun 1970 da 1980 sigari ke sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano a matsayin kayan wucewa, ta hau zuwa Maraɗi da Ƙonni, ta tsallako Najeriya ta ɓarauniyar hanya. Wata kuma ta bi ta Agadas ta haura Libiya da Aljeriya. Duk wannan ya bunƙasa ne a lokacin da harajin taba a yankin bai kai ya kawo ba. Abin da ya raya shi shi ne iyaka mai tsawo, hana shigo da kaya, da jami'in da ake iya gani da ɗan abin goro.

Kanada ta rage harajinta a farkon 1994 saboda tsoron fasa-ƙwauri. Daga baya ta bayyana cewa tabar da ake satar shigowa da ita ta kamfanonin ƙasar ce, suna fitar da ita Amurka ba haraji a dawo da ita ta bayan gida, kuma a 2008 biyu daga cikinsu suka amsa laifi, aka ɗora musu biyan sama da dalar Kanada biliyan ɗaya. Birtaniya ta bi wata hanyar: ta ci gaba da ƙara haraji ta kuma ƙarfafa kwastam, sai kason sigarin fasa-ƙwauri ya sauka daga kusan ɗaya cikin biyar a shekarar 2000 zuwa kusan ɗaya cikin goma bayan shekara goma. Ita kuwa Afirka ta Kudu, kasuwar bayan fage ta cinye ta ne bayan 2014, lokacin da aka gurgunta hukumar tara harajin ƙasar, a shekarun da harajin taba ma kusan a tsaye yake. Hana sayar da taba na kusan wata biyar a lokacin korona a 2020 ya ƙarasa ɓarnar, har tabar da ba a biya mata haraji ba ta haura rabin kasuwa, kuma galibinta a cikin ƙasar ake yin ta.

Maganin sananne ne: tambari mai lamba a kan kowane kwali da za a iya bin sawunsa daga masana'anta zuwa tireda, kamar yadda Kenya ke yi, da kusanto da haraji tsakanin maƙwabta. Najeriya ta shiga yarjejeniyar duniya kan fataucin taba ta haramtacciyar hanya a 2019. Mu a wajen aiki hanyar da muke auna abin mai sauƙi ce: a tsinci kwalayen da aka yar a tasha da kasuwa da wajen mai shayi, a duba gargaɗin da ke jiki. Wanda ke ɗauke da hoto da gargaɗin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya na kasuwar nan ne. Wanda aka rubuta da Faransanci ko Larabci, ko ba gargaɗi sam, ya biyo wata hanya. Kai ma za ka iya wannan gwajin a cikin katon ɗin da dila ya kawo maka.

Abin da haraji ba zai yi ba

Ba zai warkar da wanda nikotin ya riga ya kama ba. Yana ba shi dalili ne kawai, kuma dalili ba magani ba ne. Kwanakin farko na dainawa su ne masu wuya, da ƙunci da ciwon kai da rashin barci, sannan abin ya yi ta sauƙi cikin makonni. Cingam da filastar nikotin na taimakawa, amma a nan ba ko'ina ake samunsu ba kuma da tsada. Na ga mutane da dama sun yi amfani da azumi suka yanke, tunda jiki ya riga ya saba da wuni ba hayaƙi. Mai tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ciwon ƙirji, wannan asibiti zai je, ba aikina ba ne.

Haka kuma in sigari kaɗai aka ɗora wa haraji, wasu za su koma garin taba na shaƙa ko na ƙunsawa a baki, wanda ake dakawa a gida ba ya bi ta hannun kwastam, matasan birni kuma ga shisha. Sannan alƙaluman kashi 4 da kashi 5 da na kawo matsakaici ne na ƙasashe da yawa, ba alkawari ba ne ga kowane gari. Babban binciken ƙasa da aka fi dogara da shi a Najeriya na 2012 ne, wanda ya gano kashi 5.6 cikin 100 na manya na amfani da taba, kashi 10 na maza da kusan kashi 1 na mata, kuma ya tsufa. Wannan adadi ƙarami ne in aka kwatanta da Afirka ta Kudu ko Filifins, kuma addini da kunya na da hannu a ciki, musamman a Arewa inda har yanzu saurayi ba ya kunna sigari gaban sa'an mahaifinsa. Shi ya sa a ƙasa irin tamu, mai cike da yara da matasa, babban aikin haraji tsare waɗanda ba su fara ba ne, fiye da janye waɗanda suka yi nisa.

Ta ɓangarenka, in an ƙara harajin da gaske, kada ka ji tsoron karyewa. Kuɗin da mutum bai sa a taba ba ba ya ɓacewa, sukari zai saya ko sabulu ko katin waya, kuma duk kana da su a tebur. Abin da ke hannunka tun yau, ba sai ka jira majalisa ba, shi ne yaran da manya ke aikowa sayen kara. Dokar ba ta ware ɗan aike ba. Ka ce wa yaron ya koma ya ce mai aiken ya zo da kansa.